Kayan sawa yau da gobe: wane yadi, wane ɗinki, kuma yaya ake yi da tabon manja?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sutura. So nake in haɗa kaya kala biyar zuwa shida na sawa yau da gobe, ba na Sallah ko ɗaurin aure ba. Irin waɗanda mutum zai je wurin aiki da su, da yamma kuma ya zarce cin abinci da abokai ko gaida manya ba sai ya koma gida ya sauya ba. Abubuwa uku nake son a warware min. Na farko, shadda tana koɗewa bayan wanki uku ko huɗu, sheƙin ya tafi. Yadin ne ba shi da kyau ko wankin ne? Na biyu, me zan gaya wa tela don kaftani ya zauna a jiki, kada ya zama buhu, kada kuma ya matse? Na uku, tabon manja da man tsire a kan kaya masu haske. Idan da mai bayani kan hula da takalmi da ƙananan kaya, shi ma ina so. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam. Malam, fara da rage wa shadda aiki. Shadda auduga ce da aka saƙa da zane a jikinta, sannan aka bi ta da matsi da zafi a masana'anta har ta yi sheƙi da ƙarfi. Wani ɓangare na sheƙin a cikin zaren yake, wani kuma a saman yadin kawai ya tsaya, kuma na saman nan shi ruwa da omo suke ci. Shadda ta gari, irin ta kamfanin Getzner da ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, zarenta siriri ne, saƙarta a cike take, shi ya sa ko ta sha wanki bugu yana dawo da ita hayyacinta. Mai araha kuwa da sitaci aka cika ta, wankin farko ya tafi da shi, a bar ka da yadi mai laushi marar jiki. Amma ko ta garin ba a yi ta don a riƙa tsoma ta a ruwa kowane mako ba.

A cikin kala shidan nan, shawarata shadda ta zama biyu kacal, na Juma'a da zuwa gidan surukai. Uku su zama yadin auduga marar sheƙi, ɗaya kuma lilin ko boyel saboda bazara. Lilin yana yamutsewa, haka halinsa yake, kada ka ɗauka aibi ne. Boyel kuma yana nuna jiki, dole sai da singileti mai hannu a ciki.

Kafin a sa maka almakashi, yi gwaji huɗu a bakin shago. Ka murza gefen yadin da yatsu biyu da ƙarfi. Idan farin gari ya fito a yatsunka, sitaci ne ya yi masa jiki. Ka ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa, saƙa ta gari ba ta nuna ramuka manya da ƙanana a gauraye. Ka jiƙa farin hankici ka goga a kai, idan launi ya biyo hankicin zai biyo singiletinka ma. Sai na ƙarshe, ka zare zare biyu ko uku ka sa musu wuta: auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ka murtsuke, roba kuwa narkewa take da warin leda, ta dunƙule ta yi tauri. Yadi mai roba da yawa ba ya shan gumi, a watan Afrilu ji za ka yi kamar an naɗe ka a leda. Sunan kamfani da aka buga a bakin yadi ba hujja ba ne shi kaɗai, domin masu jabu sun iya buga shi.

Yawan yadi ya danganta da faɗinsa. Mai faɗin inci 45 yana buƙatar yadi 5 don kaftani da wando na babban mutum. Mai faɗin inci 58 zuwa 60, yadi 4 yakan isa idan ba ka da jiki sosai. Babbar riga da 'yar ciki da wando yadi 10 ne, amma wannan ba ta cikin lissafinka yanzu.

Launi: ruwan toka, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, ruwan madara, sararin samaniya, sai fari guda ɗaya. Baƙi ka bar shi. Da hunturu ƙura yake kwasa, da bazara zafi.

Baba Tela:

Ɗana, abin da Ɗan Kwari ya faɗa haka yake, sai dai ya bar abu guda. Yadin auduga da lilin a jiƙa su cikin ruwa zalla na dare ɗaya, a shanya, a goge, kafin a kai wa tela. Suna shiga a wankin farko, kuma idan an riga an ɗinka, hannu da tsawo ne za su gajarce. Shadda ce kaɗai ba a yi wa haka.

A wajen awo, kafaɗa ce gaba da komai. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai kan ƙashin da hannu ya fara. Idan ya gangaro kan damtse ko da inci ɗaya ne, rigar za ta yi kama da ta aro komai tsadar yadin, kuma gyaransa sai an farke hannun gaba ɗaya. Ƙirji a auna a kan singileti, ba a kan wata rigar ba, sannan a ƙara inci 5 zuwa 6 a zagaye. Ƙasa da 4, maɓallan gaba za su riƙa ja, bakin aljihun gefe ya buɗe. Idan ciki ya fi ƙirji faɗi, da awon ciki za a yanka, a kuma ƙara wa gaban rigar inci ɗaya, in ba haka ba gaba zai ɗage, baya ya sauka. Teloli da yawa ba sa yin wannan sai an faɗa musu.

Abin da ya fi ɓata kaftani kuma mutane ba sa gane shi shi ne hammata. Ana zaton idan aka zurfafa ta za a fi sakewa. Akasin haka ne. Hammata mai zurfi, da ka ɗaga hannu za ka miƙa gaisuwa ko ka ɗauko kofi, rigar duka sai ta biyo hannun ta tattare a wuya. A yanka ta kusa da jiki, faɗin ya koma ƙirji da damtse.

Tunda ka ce da kayan za ka riƙa zuwa cin abinci, a yi maka sakakken hannu a mafi yawansu, bakinsa inci 12 zuwa 13 a zagaye, yadda zai naɗu sau biyu ya tsaya a ƙasan gwiwar hannu. Hannu mai maɓallin ƙarfe yana da kyau a ido, amma gaban tuwo da miyar kuka ko wajen alwala wahala ne, kuma bakinsa ne yake fara shiga miya. A bar shi ga shaddar Juma'a. Tsawon hannu ya tsaya a ƙashin wuyan hannu. Wuyan riga kuma, idan an ɓalle maɓalli yatsu biyu su shiga.

Tsawon riga na kullum inci 3 zuwa 4 ƙasa da gwiwa. Tazarce mai kai wa kusa da idon sawu tana share ƙura, tana maƙalewa a babur da matakala. Tsagar gefe ta fara daga tsakiyar cinya, a kuma maimaita ɗinki sau da yawa a kan tsagar, domin nan ne take fara yagewa idan an harɗe a tabarma. Bakin aljihu ma haka, saboda nauyin waya.

Wando: hantsa ta samu zurfi yadda za ka durƙusa ka yi sujada ba ta ja ba. Ka gwada a shagon, ka tsuguna, kada ka ji kunya. Ƙubaka inci ɗaya da rabi don zariya ta wuce ba wahala, ƙafa inci 14 zuwa 16, tsawo ya tsaya a idon sawu.

Gam ɗin da ake mannawa cikin wuya da gaban riga shi ne yake yin ƙuraje-ƙuraje bayan wanki. Dalili biyu ne: ko gam ɗin marar kyau ne, ko an manna shi da gaggawa, ana jan dutsen guga maimakon a danna a tsaya kamar daƙiƙa 10 a kowane wuri. Ka ce a sa maka mai jikin yadi, ba mai jikin takarda ba. Aikin wuya ya zama kaɗan, zaren ya dace da launin yadin. Aiki mai yawa a kan yadi marar nauyi tattarewa yake yi, tunda yadin yana shiga zaren bai shiga ba.

Kada ka zube wa tela kala shida lokaci guda. Ba shi ɗaya, ka saka, ka wanke, ka sake sakawa, ka dawo da gyara. Sauran biyar ɗin a yanka su a kan wannan.

Mai Wanki da Guga:

Ranka ya daɗe Baba Tela, a ba ni dama in ɗora kan wanki, don rabin koɗewar da Malam yake kuka da ita a baho ake yin ta.

Shadda ba ta son abu huɗu: ruwan zafi, omo mai ƙarfi, dogon jiƙo, da rana. A juya ta ciki waje, a narkar da sabulu mai sauƙi cikin ruwan sanyi tukuna kafin a tsoma ta, kada a barbaɗa omo a kanta kai tsaye, wurin da ƙwayoyin suka kwanta dabbare-dabbare yake yi. Jiƙo kada ya wuce minti 10. A cuɗa wuya da hammata da bakin hannu kawai, sauran jikin a dinga tsomawa ana ɗagawa. Ba a murɗe ta wajen matsa, murɗa tana barin fararen layuka da ba sa fita. A ɗauraye sau uku, a shanya a inuwa tana juye. Kuma ba kowace sawa ce take bukatar wanki ba; idan da singileti aka sa ta, a rataye ta ta sha iska, tana yin sawa biyu ko uku.

Bugu yana dawo da sheƙi, gaskiya ne, amma duka ne da itace a kan itace, yana cin zare a hankali, musamman a kan layin ninki. Bugu ɗaya, guga biyu, haka ya fi. A cire maɓallai masu fashewa kafin a kai. Idan guga za a yi, a goge ta da ɗan danshinta, ta baya, wajen aikin wuya kuma a shimfiɗa tawul a ƙasa don kada aikin ya kwanta. Sitaci a dama shi da ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa har ya yi garai-garai, a tace, sannan a sirka. Wanda ba a tace ba shi ne yake barin farin gari a kan kaya masu duhu.

Yanzu tabo. Kuskuren da aka fi yi a wajen cin abinci shi ne a jiƙa tishu a hau gogawa. Ruwa ba ya narkar da mai, baza shi kawai yake yi, gugar kuma tana tura shi cikin zare, a kan shadda har ta kashe sheƙin wurin. Idan miya ce, kwashe ta da bakin cokali, sannan ka danna busasshen tishu ka ɗaga, ka sake danna sabon wuri, kada ka ja. Ka bar shi haka har gida. A gida ka barbaɗa garin sitaci ko farar hoda ya rufe wurin, ka bar shi minti 30, ka kakkaɓe. Sai ka ɗiga sabulun wanke kwanuka na ruwa, ɗigo biyu ko uku, a kan yadin yana bushe, ka shafa da yatsa daga gefe zuwa tsakiya, ka jira minti 15, ka ɗauraye ta bayan yadin da ruwa mai ɗumi. Man tsire da na balangu da romon kai duk haka ake musu.

Manja ya bambanta domin abu biyu ne a haɗe, maiƙo da jan launi. Sabulu yana fitar da maiƙon ya bar rawaya-rawaya. Wannan rawayar rana ce maganinta: idan farin yadi ne, a shanya wurin da danshinsa a rana awa biyu zuwa uku, za ka ga ta dushe. Idan mai launi ne sai a maimaita sabulun sau biyu ko uku a haƙura, don ranar da za ta ci manjan za ta ci rinin.

Zoɓo da shayi da goro kuma wani gida ne daban. Su ruwan sanyi suke so nan take, daga baya omo, in ya ƙi sai ruwan lemon tsami da aka sirka, a gwada a cikin kalmasa tukuna. Sabulun sanda yana ƙara kama irin wannan tabon, kada a fara da shi. Ruwan bilic irin su Hypo farar auduga zalla kaɗai ake sa wa, a sirke sosai, kuma ban da riga mai aikin zare mai launi. Ko wane iri ne, kada dutsen guga ya hau tabo kafin ya fita.

Wani tabon ma ba daga abinci yake ba. Turaren mai, musamman mai duhu, a fata ake shafa shi, a bari ya bushe kafin a sa riga. Wanda ake shafawa a ƙirjin farin kaftani shi ne yake zama ruwan ƙasa bayan guga.

Ɗan Yerwa:

Ni dai ban goyi bayan Ɗan Kwari kan fari guda ɗaya ba. Farar auduga ta fi kowane launi sauƙin ceto, kamar yadda Mai Wanki ya nuna, tana ɗaukar rana, tana ɗaukar bilic. Ruwan madara da sararin samaniya su ne masu wahala, tabo yana fitowa a kansu kuma ba sa jure magani mai ƙarfi. A yi fari biyu. Ranar da ka san kifi gasasshe ko masa da miyar taushe za a ci, sa shuɗi mai duhu.

Hula uku sun ishe ka. Zanna Bukar guda biyu, ɗaya mai rinjayen ruwan toka da baƙi, ɗaya mai ruwan ƙasa da madara, sai marar ado guda ɗaya ta zirga-zirga. Ba sai launin hula ya zama na riga sak ba, ya isa a samu zare ɗaya a cikinta da ya ɗauko launin rigar. Auna kanka da tef a saman kunne da tsakiyar goshi, yawancin manya tsakanin inci 22 ne da 23. Aikin hannu ana gane shi ta ciki, ɗinkin ba ya zama iri ɗaya sak kamar na inji. Wanki a kai wa masu wankin hula da suke ɗora ta a kan gungumen itace, ka faɗa musu lambarka, don idan gungumen ya fi kanka girma ta buɗe ke nan. A Kano kuma ka sani jar hula tana da ma'anar siyasa, a sa ta da sani.

Takalmi biyu na fata, baƙi da ruwan ƙasa, a riƙa hutar da ɗaya kwana guda don gumi ya bushe. Da hunturu fata tana tsagewa, a goge ƙura a shafa mai sau ɗaya a mako. Man kaɗanya yana yi, sai dai yana ƙara wa fata duhu. Mai sa buɗaɗɗen takalmi kuma ya kula da faso da farce, domin a gidan da ake cire takalmi a bakin ƙofa su ake fara gani.

Ɗan Wambai:

Kan ƙananan kaya, yaya, abu kaɗan ne. Wandon jins ɗaya shuɗi mai duhu, miƙaƙƙen yanka irin na Levi's 501, ba yage-yage, ba koɗaɗɗen gwiwa. Wandon kaki ɗaya. Riguna masu kwala na auduga guda uku, fara, sararin samaniya, da mai siraran layuka. Babu babban rubutu a ƙirji. Launin bel ya bi na takalmi. Wannan ya isa zuwa gidan abinci da yamma, amma gaida surukai da ta'aziyya na manyan kaya ne.

Idan gwanjo za ka saya a Ƙofar Wambai, je da tef. Lambar da ke jikin wando ba abin dogaro ba ce, an sha wanke shi ya shiga. Ɓalle maɓallin, shimfiɗa shi, auna ƙugun daga gefe zuwa gefe ka ninka biyu. Ɗaga tsakanin cinyoyin ka kalli haske, nan ne jins yake fara mutuwa. Ja zif sama da ƙasa sau uku. A riga kuma duba ninkin kwala da hammata. Rawayar tsohon gumi ba ta fita, kada mai kaya ya ce maka wanki ɗaya ne. Tsawon ƙafa da faɗin ciki tela zai rage, kafaɗa ba ta gyaruwa, kamar yadda Baba ya faɗa. Sabon jins mai duhu yana zuba, a wanke shi shi kaɗai a juye cikin ruwan sanyi sau biyu kafin a haɗa shi da farar riga ko a zauna da shi kan kujera mai haske.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi. Saura tambaya ɗaya ga Mai Wanki: akwai farar shadda da manja ya taɓa a gaba, an riga an wanke an goge, tabon ya zauna. Tana da sauran amfani?

Mai Wanki da Guga:

Tana da shi, sai dai sai an yi haƙuri. Fara jiƙa wurin da ruwa mai ɗumi don sitacin ya saki, ka bari ya bushe. Shimfiɗa tsohon farin tawul a ƙasa, kifa tabon a kansa, ka sa sabulun kwanuka ta baya ka bar shi awa ɗaya, ka ɗauraye, ka shanya a rana da danshinsa. Yi haka sau uku a kwana uku, ba guga a tsakani. Idan ya dushe, kai ta bugu don sheƙin wurin ya daidaita da sauran. Idan ya ƙi kuma yana kusa da wuya ko aljihu, Baba Tela zai iya faɗaɗa aiki ya rufe shi. In a tsakiyar riga yake, kai ta marina a Ƙofar Mata a mayar da ita shuɗiya mai duhu, amma ka nuna wa marinin wurin tukuna, domin idan da sauran maiƙo rinin baba ba zai kama nan daidai ba. Ka kuma sani zaren roba da aka yi ɗinki ko aiki da shi ba ya shan rini, fari zai fito a kan shuɗin, saboda haka duba zaren kafin ka kai.